Robar Kakin Inna

A gidanmu ba a miƙa wa babba mazubi sai an ɗauraye shi. Ko yanzun nan aka wanke kofi a gabanka ya bushe, sai an zuba ɗan ruwa an kaɗa an watsar kafin a zuba abin sha. Inna ce ta koya mini haka, kuma ba da lallashi ba. Ina 'yar shekara bakwai na taɓa kai wa ƙanen babana ruwa a moɗar da ban ɗauraye ba, har yau in na tuna sai na shafa kunnena na hagu. Na girma hannuna yana yin abin da kansa, ba ya jiran umarnina.

Shekarar da na haifi 'yata ta fari, Inna ta taso daga ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa ta zo Roni, inda nake aure, nake kuma koyarwa a firamare. A al'ada ni ya kamata in je gida wankan jego, amma babana ya rasu, gidan ba kowa sai ita, shi ya sa mijina ya roƙa ta zo ta zauna da mu. Ran suna aka sa wa jaririyar sunan Inna. Tunda bakina ba zai iya kiran sunan uwata ba, kowa a gidan ya koma ce wa yarinyar Takwara.

Kwana goma sha takwas na farko Inna ba ta bar kowa ya riƙe yarinyar nan ba sai in za ta sha nono. Ita ke mata wanka, ita ke gasa mata cibiya, ita ke goya ta tana hura wutar ruwan wankana a ƙatuwar tukunya safe da yamma, da ganyen darbejiya a ciki. Ni kaina sai na nemi izini kafin in ɗauki 'yata.

Sai dai Inna ta zo da tari. Ba sabo ba ne, ta fi shekara tana fama da shi, amma a Roni ya ƙara tsanani, kuma ta rame. Mijina, wanda kunya ba ta barin shi ya haɗa ido da ita, shi ya ja ni gefe ya ce tarin nan bai kwanta masa a rai ba, ga jaririya a bayanta kullum. Na yi masa tsawa na ce uwata ba ta da komai. Washegari kuma ni da kaina na kai ta ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, don na fi shi jin tsoro.

Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ba ni wata 'yar roba mai murfi ja. Ya ce kaki ake so, wanda ya fito daga ƙirji, ba yawu ba, kuma da sassafe kafin ta ci komai. Ya ce kada a buɗe sai lokacin da za a tofa, kada kuma a sa komai a ciki. Na ce to, na ce na gane. Ni malama ce, ba na son a maimaita mini magana.

Da gari ya waye na buɗe robar, na ɗebo ruwa a randa, na zuba kaɗan, na kaɗa, na watsar, na miƙa wa Inna da hannu biyu. Ban ji na karya wata doka ba. Ko tunanin abin ban yi ba, balle in auna shi da abin da aka gaya mini jiya.

Da yamma ma'aikacin ya ce ya duba kakin a madubin da ke ƙara wa ƙwayar cuta girma, ya ga wasu sirara jajaye, irin na tarin fuka. Ya ce 'yan kaɗan ne ƙwarai, amma ya gan su. Ya rubuta mana takarda zuwa Kazaure, inda akwai injin da zai tabbatar, ya ce kafin nan a raba ta da jaririya.

Ban san yadda zan gaya mata ba, sai na faɗa a tsaye a tsakar gida, da fushi, kamar ita ta yi laifi. Inna ta kwance majanyi, ta sauke Takwara, ta miƙo mini. Ta shiga ɗan ɗakin da muke ajiye buhunan gero ta share, ta shimfiɗa tabarma. Ta ware kwano ɗaya, kofi ɗaya, cokali ɗaya, ta ɗaura wa kowanne baƙin zare don kada a haɗa su da namu. Wankan jegona kuwa ta aika aka kira wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta damƙa mata. Duk wannan kafin magariba ta gama shi, kuma ban ga hawaye a idonta ba. Ni ce na shiga ɗaki na yi ta kuka har nono ya jiƙa mini riga.

A Kazaure muka samu wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, gajeriya mai tabarau, mai saurin magana. Ta ba Inna sabuwar roba ta nuna mata bayan gini ta ce ta je can ta yi kaki. Inna ta leƙa ta ga maza zaune a benci, ta dawo.

"'Yar nan, da girmana zan tsaya ina kaki a gaban maza? Ba ni in je gida."

Aka ba mu robar muka tafi da ita. Da safe na sake ɗauraye ta da ruwan randa, Inna ta tofa, na hau babur na kai Kazaure.

Ma'aikaciyar ta bar ni na leƙa injin ta taga. Na zaci zan ga wani ƙaton abu mai ƙara, sai na ga akwati ne da bai kai ƙaramin firji ba, a kan tebur kusa da kwamfuta. Ta haɗa kakin da wani ruwa, ta ɗura a wani ɗan mazubi, ta tura cikin injin, ta ce in jira kamar awa biyu. Da ta fito da takarda ta ce inji bai ga tarin fuka ba.

Na yi hamdala har sau uku, na miƙe zan tafi. Sai ta ce in zauna.

"Amma madubi ya ga wani abu," in ji ta.

"To wanne ne gaskiya?"

"Duka biyun suna iya zama gaskiya, Malama."

Nan raina ya ɓaci. Na ce ni ban zo a yi mini wasa da hankali ba, uwata tana kwana da buhunan gero, a gaya mini ko tana da ciwo ko ba ta da shi. Ba ta yi fushi ba. Ta ce ƙwayar tarin fuka tana da dangi da yawa, kuma a madubi dukkansu kamanninsu ɗaya, sirara jajaye. Shi kuwa inji ba kamanni yake dubawa ba. Fasa ƙwayar yake yi ya nemi wata alama a cikin halittarta, ya yi ta kwafar alamar har ta yi yawan da zai iya karantawa. Amma alamar tarin fuka kaɗai aka koya masa. In 'yan uwanta ne a cikin kakin, sai ya ce bai ga komai ba. Ta ce wani lokacin kuma ƙwayar takan yi ƙarancin da inji zai tsallake ta, ko da yake ba kasafai ba.

Na fahimta a ajina. Daga nesa duk yara rigarsu iri ɗaya ce, sai ka kira suna a rajista ka san wanda ya zo. Wannan injin suna ɗaya tak ke cikin rajistarsa. Na gane wannan sarai, amma ganewar ba ta gaya mini ko in mayar wa Inna jikarta ba.

Likita ya sa aka ɗauki hoton ƙirjinta, ya daɗe yana kallo, ya ce akwai ɗan tabo amma bai isa ya yanke hukunci ba. Ya ba ta maganin tari na yau da kullum. Ya ce ba zai ɗora ta a kan maganin tarin fuka na wata shida a kan shakka ba, za a aika wani kakin babban ɗakin gwaji a birni. A can za su shuka shi su jira ƙwayar ta tsiro, sannan su bincika wace ce a cikin dangin. Ya ce zai ɗauki makonni. Da na tambaye shi zancen jaririya, sai ya ce a ganinsa hatsarin kaɗan ne, amma a yi hattara.

"Kaɗan ne" da "a yi hattara". Da waɗannan na koma gida.

Da na gaya wa Inna za a shuka kakinta, ta kalle ni ta ce, "Shuka? To in ya yi 'ya'ya a aiko mini da rabona." Sannan ta yanke nata hukuncin. "Ɗaya ya ce akwai, ɗaya ya ce babu. Sai sun shirya tsakaninsu zan taɓa yarinyar nan." Roba ta uku ma na ɗauraye ta tas.

Aka yi arba'in Inna tana ɗakin gero. Na koma makaranta tana ɗakin gero. Kullum tana zaune a bakin ƙofarsa, ni kuma in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, faɗin tsakar gida a tsakaninmu. Daga can take renon Takwara da baki. "Sassauta majanyin nan, za ki shaƙe ta." "Juyo mini da fuskarta." "Wa ya koya miki riƙon kai haka?" Ranar da yarinyar ta fara murmushi, Inna ce ta fara gani, daga can nesa, ta tafa hannu ta yi guɗa a hankali. Na ga ta miƙo hannuwa, sai kuma ta mayar da su ta cusa a ƙarƙashin mayafi.

Mata suka rage shigowa gidan. Wata gwaggon mijina ta zo daga Babura da wani garin magani da aka ƙetaro da shi daga Nijar, ta ajiye a zaure ta juya, ko ruwa ba ta sha ba. In an tambaye ni me ke damun Inna sai in rasa amsa. In na ce ba tarin fuka ba ne, sai a ce to me ya sa aka ware mata kwano. In na ce ana bincike, sai a gyaɗa kai a tausaya mini, ni kuwa tausayin nan ya fi zagi ƙona mini rai. Ma'aikaciyar Kazaure kuma na dame ta da waya har ta koma ɗauka da cewa, "Bai zo ba tukuna, Malama," kafin in yi sallama.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne tarin ya fara sauƙi. Tun da Inna ta bar gaban murhu ta daina shaƙar hayaƙin itace, sai ya ragu, ta ɗan murmure. Na ce mata ai ga shi kin warke. Ta ce ita ba likita ba ce, ni ma ba likita ba ce.

An fi wata biyu kafin sakamako ya zo. Ma'aikaciyar ta nuna mini hoto a wayarta: wata siririyar takarda kamar tsinken tsintsiya mai faɗi, da layuka baƙi-baƙi a jere. Ta ce bayan ƙwayar ta tsiro an ciro halittarta, an kwafa ta da yawa, an jiƙa takardar nan da ita. Kowane ɗan dangi da wuraren da layukansa suke fitowa, sai a gwada da jadawali a san ko wane ne. Ta faɗi wani dogon suna da ban iya maimaitawa ba.

"Ba tarin fuka ba ne," in ji ta. "Wannan na ruwa ne. Ana samun sa a rijiya, a famfo, a randa, har a ƙasa. Ba kasafai yake sa ciwo ba, kuma ba a san shi da tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba."

"To a ƙirjinta yake?"

"Shi ne ban sani ba. Gwaji ya faɗi wanda ya samu a cikin roba. Bai faɗi ta inda ya shigo ba." Ta gyara tabarau. "Ruwa ya taɓa shiga robar nan kafin ta tofa?"

Na buɗe baki zan ce a'a da ƙarfina. Sai na ga hannuna a bakin randa, na ga moɗa, na ji ƙarar ruwan da na watsar a gindin bango.

Ta karanta fuskata. "Sau nawa?"

"Duka ukun."

Ta cire tabarau ta ajiye a tebur. Na jira faɗa, har na so ta yi, don in samu abin da zan mayar wa martani. Sai kawai ta tambaye ni me ya sa.

"Uwata ce," na ce. "Ba zan miƙa mata abu haka ba."

Ta ce ta gane. Ta ce ba za ta rantse ruwan ne ba, don abu ne da ba ya yawan faruwa har madubi ya gani, amma tsohuwar randa tana iya tara shi. Hanya ɗaya ce ta sani: a kawo sabon kaki a robar da ruwa bai taɓa ba, a sake shukawa, a sake jira.

A kan babur zuwa Roni na tsara yadda zan gaya wa Inna. Da na shiga gida na gan ta a bakin ƙofar ɗakin gero, da kofinta mai baƙin zare, sai maganar ta maƙale. Rabi kawai na faɗa. Na ce ba tarin fuka ba ne, kuma ba a ɗauka, ta taso ta karɓi takwararta.

"To me ya sa suke son wani kakin?"

"Don su tabbatar."

"In sun tabbatar na taso."

Da na faɗi sauran rabin a ranar, wataƙila da ta taso. Na san haka a lokacin, ba sai yanzu ba. Tsoro ne ya hana ni, da kunya. Ni da nake yi wa kowa tsawa a kan zancen nan, ni ce zan ce wata biyu da rabi ta yi a ɗakin gero saboda hannuna?

Da safe na buɗe roba ta huɗu na miƙa mata a bushe. Wallahi ji na yi kamar na zage ta. Ta kalli robar ta kalle ni.

"Ba ki ɗauraye ba."

"Haka suka ce a yi, Inna."

Ta daɗe tana juya ta a hannu. Sannan ta juya mini baya ta yi kakinta, ta rufe, ta ajiye a ƙasa don in ɗauka.

Jira na biyu ya fi na farko tsawo, don an ce sai an ba ƙwayar cikakken lokacinta kafin a ce ba ta tsiro ba. Takwara ta fara zama, ta fara jan ɗankunnena, haƙori ya fara yi mata ƙaiƙayi. Tana da wata shida da 'yan kwanaki aka kira ni. Babu abin da ya tsiro. Na tambayi ma'aikaciyar ko ke nan Inna ba ta taɓa yin ciwon ba. Ta ce alamu sun nuna haka, amma a ci gaba da lura da tarin. Har yau in an tambaye ni ko uwata ta yi ciwo a shekarar nan, ban san abin da zan ce ba.

Wannan karon ban tsaya a tsakar gida ba. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin gero na gaya mata duka, tun daga roba ta farko. Na ce ta yafe mini. Ina kuka ina jiran ta kama kunnena.

"Tun ranar da kika miƙo mini busasshiya na yi zargin haka," in ji ta. "Amma zargi ba takarda ba ne, yarinyar kuma ƙarama ce." Ta warware baƙin zaren daga hannun kofinta tana naɗe shi a yatsa. "Tashi. Ni na koya miki. Kawo mini takwarata."

Ta wanke hannu har gwiwa, ta gyara ɗaurin zani, ta zo tsakiyar tsakar gida. Na miƙa mata yarinyar. Takwara ta kalli fuskar nan a kusa, ta taɓe baki, ta tsala ihu. Ta dinga banƙarewa tana miƙo mini hannu. Inna ta jijjiga ta, ta yi mata wasa da harshe, ta ɗora ta a kafaɗa, ta kira ta da duk sunayen da take kiran ta da su daga nesa. Kukan sai ƙaruwa yake yi har yarinyar ta fara shiɗewa.

"Ƙiwa ce, Inna," na ce. "Kowa ma haka take yi masa yanzu. Za ta saba."

Inna ta miƙo mini ita a hankali. Ta juya, ta taka zuwa ƙofar ɗakin gero, ta zauna daidai inda ta saba zama, ta tafa hannu sau biyu. Takwara ta ɗago daga ƙirjina, hawaye shaɓe-shaɓe a kumatu, ta hango ta can, ta washe baki tana dariya.

"Kin gani," in ji Inna. "Daga nan ta san ni."